Ƙaramar Kyamarar Fim Mai Zum: Wacce Za a Saya, Wacce Za a Bari

Lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a gaban irin wannan kyamara, kamar 38-140 ko 38-170, ita ta fi yaudarar mai saye. Tun da Pentax ya fito da Zoom 70 a 1986, mai gilashi daga milimita 35 zuwa 70, kamfanoni suka shiga tseren tsawaita zum, har Pentax ɗin ya kai 200 da Espio 200. Tsawon ne ke sayar da kyamara a kanti a wancan lokaci. Mai neman hoto mai kyau a yau kuwa, gajeren zum ya fi masa, kuma lafiyar kyamarar ta fi sunanta muhimmanci, domin yawancin manyan kamfanonin sun daina ƙera su tun shekarun 2000. Kusan duk wadda za ka samu ta hannu ce, galibinsu kuma sun haura shekara ashirin.

Abin da dogon zum ke ci

A jikin gilashin akwai lamba ta biyu mai farawa da f ko 1:, misali 1:4.5-10.9. Ita ke nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya isa fim. Ƙaramar lamba, ƙofa mai faɗi. Babbar lamba, ƙofa matsattsa. Ta farkon ta lokacin da gilashin yake ciki ce, ta biyun kuma ta lokacin da aka zuƙo shi har ƙarshe. Daga f/4 zuwa f/8 hasken da ke shiga ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a f/11 kuma ɗaya cikin takwas. Kyamarar ba ta da mafita sai ta bar ƙofar a buɗe na tsawon lokaci, ko ta kunna filasha.

Ga lissafin. Da fim mai ISO 100 (ISO ita ce lambar saurin kama haske na fim) a tsakiyar rana, f/11 na buƙatar kusan 1/250 na daƙiƙa, ba matsala. Da zarar an shiga inuwa sai ya koma wajen 1/30. Ƙa'idar riƙe kyamara da hannu ita ce kada saurin buɗewa da rufewar ƙofar ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin, wato a milimita 140 ana son 1/140 ko mafi sauri. Saboda haka hoton da aka ɗauka a inuwa da cikakken zum zai fito dishi-dishi, ko da gilashin lafiyarsa lau. Rawar hannu ce, kuma kyamara marar nauyi ta fi saurin rawa.

Filasha ma ba ta ceto. Nisan da take kaiwa shi ne lambar ƙarfinta a raba da lambar f. Ɗauki filasha mai ƙarfi 12 a ISO 100: a f/4 tana kai mita 3, a f/11 da kyar ta wuce mita ɗaya. Wasu kyamarori suna tattara hasken filashar idan an zuƙo, wannan na ɗan ƙara nisan, amma bai kai ya rufe giɓin ba. Mutumin da ka zuƙo daga can ƙarshen zaure zai fito baƙi ƙirin, ƙeyar wanda ke gabanka ta fito fari fat.

Shi ya sa ya fi kyau a duba inda zum ya fara, ba inda ya ƙare ba. Mafi yawansu daga 38 suke farawa. Wadda ta fara daga 28 tana ɗauke ɗaki gaba ɗaya, ko taron mutane ba sai an ja da baya an manne da bango ba, kuma a wannan gefen gilashin ya fi buɗewa. Nisa ana iya rage shi da ƙafa. Faɗi kuwa, idan babu shi, babu.

Waɗanda ake samu

Kafin a shiga sunaye, a sani kyamara ɗaya takan ɗauki suna daban a kowace kasuwa. Canon Sure Shot ta Amurka ita ce Prima a Turai, Autoboy a Japan. Pentax Espio ita ce IQZoom, Olympus mju ita ce Stylus, Minolta Riva ita ce Freedom. Neman suna na biyun yakan kai mutum ga mai sauƙin kuɗi.

Olympus mju Zoom sun fi kowa farin jini, rabin dalilin kuma sunan 'yar uwarsu ce mju II ta 1997, mai gilashi ɗaya 35 f/2.8 marar zum. Masu zum ɗin ƙanana ne, suna shiga aljihu, an yi su da jure yayyafi. Sai dai suna da sananniyar cuta: abin da ke toshe haske a kewayen bututun gilashin yana lalacewa, sai wani farin zobe ko rabin da'ira ya riƙa fitowa a gefen hoto, musamman a rana. Ba a gane wannan da ido a wurin saye, sai an wanke fim. In za a ɗauki Olympus, mai 38-80 ta fi mai 38-170, kuma a nemi ganin hotunan da ita kanta ta ɗauka kwanan nan.

Pentax Espio su ne inda kuɗi ya fi yin aiki. Suna da yawa, kuma galibinsu suna da saitin buɗe ƙofa na dogon lokaci don hoton dare, da maɓallin kulle gani a nesa. Espio 928 tana da 28-90, Espio 120SW tana da 28-120 a jikin alminiyum, 24EW kuma daga 24 take farawa, abin da ba kasafai ake gani ba. 120SW ɗin tana matsewa sosai a ƙarshen zum, don haka a ɗauke ta a matsayin mai 28-70 wadda aka yi wa ɗan ƙari. Tsohuwar Zoom 90-WR kuwa ƙatuwa ce, batir CR123A biyu take ci, ba ta shiga aljihu, amma ga mai yawo cikin ƙura da ruwan sama ta fi siraran juriya.

Daga Canon, Sure Shot Classic 120, wato Prima Super 120, tana auna haske da kyau, amma daga 38 take farawa. Minolta Riva Zoom 70W da Konica Lexio 70, dukansu 28-70 ne, kuma sun buɗe zuwa wajen f/3.5 a gefen faɗi. Waɗannan biyun su ne ainihin abin da yawancin mutane ke buƙata, ko da yake ba a cika ambatonsu ba.

Sai masu tsada. Contax TVS ta 1993 jikin titaniyum ce, gilashin Carl Zeiss 28-56, da hannu ake zum, kuma mai ita ne ke zaɓar faɗin ƙofar haske, abin da sauran ba su bayarwa. Fujifilm Natura Classica, 28-56 mai farawa daga f/2.8, ta fi kowa iya ɗaukar hoto a ɗaki ba filasha idan an sa mata fim mai saurin kama haske. Akwai kuma Yashica T4 Zoom da Leica Minilux Zoom. Hotunansu sun fi kaifi, wannan gaskiya ne. Amma a cikinsu akwai irin siririyar wayar nan mai kama da kintinkiri da ke lanƙwasa duk lokacin da gilashi ya fita ya koma, kamar dai yadda take a masu araha. Ranar da ta tsinke, kayan gyara ba su samuwa cikin sauƙi, masu gyaran ma kaɗan ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai: Espio mai aiki ta fi Contax da ke kwance a aljihun tebur. Wanda zai sayi mai tsada, ya saya da kuɗin da zai iya haƙura da su.

Kashedi guda: a guji masu cin fim ɗin APS. An fito da tsarin a 1996, an daina yin fim ɗin wajen 2011. Canon IXUS ko ELPH na fim, Minolta Vectis, Nikon Nuvis, Kodak Advantix, duk ciki suke. Alamarsu ita ce ba su da babbar ƙofar baya, sai ƙaramin marfi a ƙasa da ake zura gwangwanin fim.

Dubawa kafin a biya

A je da batir sabo da tocila da tsohon fim da ba a buƙata. Yawanci CR123A ko CR2 suke ci, dukansu volt 3, wasu tsofaffi 2CR5, masu araha kuma AA biyu. Masu AA su ne aka fi samu da fari ko koren gari a gidan batir, saboda yoyo. In kaɗan ne, auduga da ɗan ruwan tsami na goge shi. In ya ci ƙarfen, a bar ta. A duba marfin gidan batir ma, domin ɗan harshen robar da ke riƙe shi yana karyewa. Kada a sa batir mai caji na volt 3.7 a madadin CR123A don kawai girmansu ɗaya, yana iya ƙona kayan ciki.

A kunna a kashe sau biyar, a zuƙo har ƙarshe a mayar. Ƙarar injin ta zama iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Kakarewa, ƙas-ƙas, ko gilashi ya tsaya a rabin hanya kyamarar ta mutu, alama ce haƙoran robar da ke tura shi sun cinye. Wannan ba ya gyaruwa da mai. Sannan a buɗe baya, a haska tocila ta cikin gilashin: 'yar ƙura ba komai, amma zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, hazo fari kuma yana kashe kaifin hoto. A taɓa soson da ke bakin ƙofa da wajen maratayinta. In ya zama danƙo sai an canza, aiki ne mai sauƙi. Filasha ta cika cikin 'yan daƙiƙoƙi da sabon batir. Wadda ba ta cika ba, kada a kwance kyamarar don dubawa: ma'ajin wutarta yana riƙe wajen volt 300 ko bayan cire batir. Daga ƙarshe a sa tsohon fim ɗin, a ga allo ya nuna 1, a danna har ya ƙare, a tabbatar ta naɗe shi da kanta.

Mai saye daga nesa ya sani kalmar "ba a gwada ba" sau da yawa tana nufin an gwada ta ƙi. "Tana kunnuwa" kuma ba "tana ɗaukar hoto" ba ce.

Amfani da ita

Fim mai ISO 400, kamar Kodak Ultramax ko Ilford HP5 Plus na fari da baƙi, shi ne na yau da kullum. Yana mayar da 1/30 ɗin nan na inuwa 1/125, yana kuma ninka nisan filasha. Fim mai launi na nagetif yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa, don haka 400 ba ya damuwa da rana. Kyamarar tana karanta saurin fim daga murabba'an azurfa da baƙi na jikin gwangwani, tsarin DX. Gwangwanin da ba shi da su, da yawa za su ɗauke shi ISO 100 ne, kuma ba maɓallin canzawa; ana sayar da takardar DX mai manne don haka.

Wajen sa fim, a ja bakinsa daidai alamar da ke ciki, ya kwanta shimfiɗe. In ya yi tozo ko ya wuce alamar, allo zai riƙa ƙyafta 0 ko E, sai a buɗe a sake.

Maɓallin ɗauka hawa biyu ne. A ɗora alamar tsakiya kan fuskar mutum, a danna rabi har koren haske ya tsaya, a gyara tsarin hoton ba tare da ɗaga yatsa ba, sannan a ƙarasa. Rashin yin haka ne ke sa mutum biyu su fito dishi-dishi, bangon da ke tsakaninsu ya fito tar. Koren haske mai ƙyaftawa na nufin an matso da yawa. Yawanci iyakar tana tsakanin santimita 60 da mita ɗaya, kuma takan ƙaru idan an zuƙo. A kusa, abin da tagar leƙe ke nunawa ya ɗan saɓa da abin da gilashi ke gani, sai a bi ƙananan layukan da ke saman tagar, in ba haka ba a yanke kai. Ta bayan gilashin taga kuwa, masu auna nisa da hasken da ido ba ya gani za su tsaya kan tagar, sai a danna maɓalli mai hoton dutse.

Yawancinsu suna mayar da filasha kan aikin kanta duk lokacin da aka kashe su, don haka kashe ta ya zama abu na farko bayan kunnawa idan ba a son ta. Da rana kuma, idan rana tana bayan mutum, a tilasta mata ta haska fuskarsa. Saitin panorama yanke sama da ƙasan fim kawai yake yi, ba ya ƙara faɗi, a bar shi a kashe. Haka mai buga kwanan wata: kalandar wasu ta ƙare a 2019, kuma abin da ta buga a nagetif ba ya goguwa.

Masu marfi mai zamewa irin na Olympus, a tura marfin kaɗan, a jira gilashi ya koma ciki, sannan a rufe. Bugun bututun da marfi yana cikin abubuwan da ke kashe su. Fim na farko ya zama mai hoto 24 mai araha: a ɗauka a rana da inuwa da ɗaki, a faɗi da tsakiya da ƙarshen zum, a kai wanki nan da nan tun lokacin mayar wa mai sayarwa bai wuce ba.