Wata uku a ajin Turancin jirgin sama na wani dattijo a Jidda

Aikina a filin jirgin Sarki Abdul'aziz shi ne mayar da rahotanni daga Larabci zuwa Turanci. Bara na rubuta "unqualified pilot" a kan wani matashin matuƙi da saukarsa ta jijjiga fasinjoji. Shugabana ya dawo min da takardar, ya ce na zargi bawan Allah da tuƙi ba lasisi. Ni kuwa nufina bai goge ba tukuna. Abin ya tsaya min a rai, domin da takardar ta wuce, da na taɓa wa mutum hanyar abincinsa.

Dalilin da ya kai ni ajin wani dattijo ke nan, Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno, wanda ya yi ritaya daga hasumiyar kula da jirage. Mu shida ne a falonsa, bayan Isha'i, sau biyu a mako, riyal 500 a wata.

Daren farko ya ce, "Ɗana, miƙo takardar nan." Ya sa jan biro ya ja layi, sannan ya warware min da Hausa, wadda ita ce babbar ribar ajin. "Unqualified" shi ne ɗan dagaji, wanda ba shi da izinin aikin. "Student pilot" ɗan koyo ne. "Low-time pilot" kuwa sabon hannu ne: yana da lasisinsa, sa'o'insa a sama ne ba su taru ba, ko kusa da 1,500 ɗin da ake nema kafin babban lasisin tuƙa jiragen fasinja bai kai ba. "Rusty" gwani ne da ya jima bai tashi ba, hannu ya yi sanyi. Shi ya sa doka ta ce sai matuƙi ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja. "Ham-fisted" mai nauyin hannu ne, maganar hira ce, ba ta shiga rahoto. "Incompetent" kuwa ya hana mu rubuta ta sam, ya ce wannan hukunci ne, na masu bincike ne.

Na ce, "Baba, duk wannan a kan kalma ɗaya?" Sai ya ba mu labarin 12 ga Nuwamba 1996, ranar da jirgin Saudia da ya taso daga Delhi ya yi karo da na Kazakistan a sama, mutum 349 suka rasu. Jirgin Kazakistan ya sauko ƙasa da tsayin da aka ba shi, kuma masu bincike sun ambaci raunin Turancin ma'aikatansa. Falon ya yi tsit. Daga 2008 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙan ƙasa da ƙasa kaiwa aƙalla mataki na 4 cikin 6 a Turanci.

Inda ajin ya gaza: sautukan hirar matuƙa da hasumiya da yake kunna mana a wayarsa ba sa fita sosai, ga ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ba ya kuma ba da takardar shaida. Mai neman ta sai ya je cibiyar da hukumar jiragen saman Saudiyya ta amince da ita. Amma mai fassara irina, ko yaron da ke shirin shiga makarantar tuƙi, ya je ya zauna gabansa. Ni na sake biyan kuɗin wata uku, na kuma kai masa ɗan yayata daga Shara Mansur.