Zariya ko NDA: amsa ga uban da ɗansa yake son tuƙin jirgin sama

Wani dattijo a cikinmu, manomi daga wajen Ringim, ya yi tambaya. Ɗansa mai shekara 17 ya gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da fiziks, kuma tun yana ƙarami in jirgi ya gifta sai ya saki fartanya ya ɗaga kai. Yaron ya ce shi tuƙin jirgin sama yake so. Uban yana da fadama da shanun huɗa biyu, yana tambaya: ya sayar ya kai shi makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ko ya bar shi ya nemi NDA, makarantar hafsoshin soja ta Kaduna?

Baba, Allah ya ƙara girma. Kafin a taɓa ko akuya, a fara kai yaron wurin likita. Ba likitan asibitin gari ba, likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince masa ya duba matuƙa. Takardar da ake nema ita ce ta lafiya aji na 1. Za a auna bugun zuciya, a sa masa abin ji a kunne a gwada jinsa, a duba jini da fitsari da ido. Abin da ya fi kayar da yara masu ƙoƙari shi ne launi. Za a buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala a ce ya karanta lambar da ke ɓoye a ciki. Akwai wanda zai girma har ya yi gemu bai san ba ya rarrabe ja da kore sosai ba. A sama kuwa fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya, fitilun gefen titin sauka kuma da ja da fari suke gaya wa matuƙi ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa. Tabarau ba ya gyara wannan. In matsalar gani ce kawai wadda tabarau yake gyarawa, farar hula suna karɓa, soja sun fi tsanani. Kuɗin gwajin bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba, kuma shi zai nuna ko akwai maganar da za a ci gaba.

In ya tsallake, to ga yadda hanyoyin biyu suke.

Kwalejin Zariya, NCAT, tun 1964 take. Ana shiga da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi da fiziks, sannan a yi jarrabawar shiga da ganawa. A takarda kwas ɗin matuƙi kusan shekara biyu ne. Ana farawa da aji: yanayin sama, dokokin sararin samaniya, aikin inji, karatun taswira, maganar rediyo. Daga nan a hau ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin Diamond DA40, da malami a gefe, har ranar da malamin zai sauka ya ce je ka kai kaɗai. Lasisin farko, PPL, yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, amma ba a cin abinci da shi, na tuƙa kai ne kawai. Wanda ake ɗaukar aiki da shi shi ne CPL: awa 200, ko 150 in a tsararren kwas na makarantar da aka amince da ita aka yi, kuma sai an cika shekara 18. A haɗa da shaidar tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba, da ta jirgi mai inji biyu. Akwai irin wannan makaranta a Ilorin, wasu kuma suna tafiya Afirka ta Kudu, sai dai wanda ya karanto a waje dole ya dawo ya juya lasisinsa zuwa na NCAA.

NDA ita ma 1964 aka kafa ta, amma ba makarantar tuƙi ba ce, makarantar hafsoshin soja ce. Ana bi ta JAMB, a zauna jarrabawar tantancewa ta NDA, a je gaban kwamitin zaɓe inda ake gudu da awon jiki da tambayoyi. Akwai iyakar shekaru, tsayin namiji kada ya gaza mita 1.68, kuma ba a ɗaukar mai aure. Gurbi na jiha-jiha ne, wato ɗan Jigawa da 'yan Jigawa yake takara. Zai yi shekara huɗu zuwa biyar, ya fito da digiri da anini a kafaɗa. Sai bayan nan rundunar sojan sama za ta zaɓi waɗanda za su koyi tuƙi. Ana farawa a makarantar tuƙi ta 401 a Kaduna, da jirage irin Super Mushshak, waɗanda aka ware wa jirgin yaƙi kuma su zo ta 403 a nan Kano, inda ake horo da jirgin L-39.

Bambancin da ya fi shafar aljihun Baba a bayyane yake. A NDA gwamnati ce take ciyarwa, ta tufatar, ta biya man jirgi, har da ɗan alawus. A Zariya kowace awa a sama kuɗi ce, kuma da yake jirgi da kayan gyaransa da dala ake sayo su, lissafin miliyoyin naira ne masu yawa, yana kuma hawa duk lokacin da dala ta hau. Kada a dogara da farashin da wani ya biya shekara uku da suka wuce, a karɓi na bana a rubuce daga makarantar.

Amma ta fuskar tabbacin zama matuƙi, lamarin ya juya. Wanda ya biya a Zariya ya ci jarrabawarsa, matuƙi zai fito. Wanda ya shiga NDA ba a yi masa alƙawarin jirgi ba. Yana iya faɗawa sojan ƙasa ko na ruwa, ko ya shiga sojan sama a ba shi aikin injiniya ko na kaya ko na ofis. In kuma ya samu jirgin, soja ne kafin komai: inda aka tura shi nan zai je, har Maiduguri da dajin Zamfara, kuma ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama. Yaron da burinsa ya ɗauki alhazai zuwa Jidda cikin farar riga ya kamata a zaunar da shi a faɗa masa wannan ba ɓoye-ɓoye, da mahaifiyarsa a wurin.

Yanzu ga inda gonaki suke salwanta, kuma a nan muke so Baba ya tsaya da kyau. Mutane suna lissafin kuɗi zuwa ranar karɓar CPL, su ɗauka an gama. Ba a gama ba. Mai sabon CPL ya iya ƙaramin jirgi ne mai kujera huɗu. Kamfanoni irin su Max Air da manyan jirage suke aiki, irin Boeing 737, kuma kowane samfurin babban jirgi yana da tasa shaidar ƙwarewa, wadda matuƙa suke kira taif-retin. Ana yin ta ne makonni a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, galibi da dala ake biya, kuma sau da yawa sabon matuƙi shi ake bari da kuɗin. Kamfani kuma ya fi son mai awanni da yawa, alhali awannin ba sa taruwa sai da aiki. Kano ta ga wannan da idonta: a zamanin Kwankwaso jiha ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi, suka dawo da lasisi, da yawansu suka daɗe suna jiran kujera saboda wannan gibin.

Zaman jiran ma ba kyauta ba ne. Takardar lafiya duk shekara ake sabunta ta. Shaidar tuƙi da na'urori tana ƙarewa in ba a sake gwaji ba. Matuƙi ba ya ɗaukar fasinja sai ya yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Lasisi kamar doki ne, ko ba a hau ba sai an ba shi dawa.

Wani abin da yake cin kuɗi a ɓoye shi ne yankewar horo. Ɗalibin farko da ido yake tuƙi, yana buƙatar ya hangi nisan kilomita 5 ko fiye. In hazon hunturu ya sauka a Disamba da Janairu, irin wanda daga bakin gona ba a hango kukar ƙarshen gari, jiragen koyo a ƙasa suke kwana. Haka in jirgi ya shiga gyara, ko kuɗin ɗalibi ya yanke ana jiran a sayar da amfanin gona. Hannun da ya yi wata biyu bai riƙe sitiyari ba sai ya maimaita darasi, maimaicin kuma awa ce da za a biya. Shi ya sa biyan kuɗin tuƙi guntu-guntu, kaka zuwa kaka, ya fi tsada a ƙarshe.

Turanci kuma ba na cin jarrabawa ba, na baki. Ƙa'idar duniya ita ce matuƙi ya kai mataki na 4 cikin 6 a Turancin rediyo, ya ji umarnin hasumiyar filin jirgi cikin ƙarar inji, ya maimaita lambobin daidai. Yaran makarantun karkara da yawa a nan suke wahala, ba a lissafi ba. Wannan gyaransa ba ya cin sisi: ya riƙa saurare yana magana kullum tun yanzu.

Ra'ayinmu, Baba: fadama da shanu biyu ba za su kai yaron har taif-retin ba, kuma rabin hanya a wannan sana'a ba ya ba da albashi. Tunda shekararsa 17, yana da damar neman NDA, in har ya yarda da zama soja da zuciya ɗaya. In jirgin fasinja kaɗai yake so, ya shiga jami'a ko kwalejin fasaha yana neman tallafin gwamnatin jiha ko na wani kamfani, kuma duk wanda zai ɗauki nauyin a tambaye shi tun farko ko taif-retin yana cikin lissafin. A Zariyar ma akwai kwas na gyaran jirgi da na kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya, kuɗinsu bai kama ƙafar na tuƙi ba. Babban lasisin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi, ATPL, sai an tara awa 1,500 an kuma cika shekara 21, ana kuma tuƙa fasinja zuwa ƙasashen waje har shekara 65, don haka wanda ya fara yana da 24 ko 25 bai makara ba.