Wata huɗu ina biyan kuɗin SEO, ashe shafin a ɓoye yake

Da a makon farko aka tambaye ni, wallahi taurari biyar zan ba kamfanin nan da ya gina mini shafin intanet na kasuwancina. Shafin ya yi kyau, ba ƙarya. Hotunan jakunkunana sun fito ɗas, a waya yana buɗewa ba jira, kuma sun sa masa HTTPS, wato tsarin tsaron shafi, don tun farko na ce ba na son Chrome ya riƙa nuna wa masu saye cewa shafina ba tsaro, abin da yake yi wa shafukan da ba su da HTTPS tun 2018.

Sai na ƙara da SEO, wai don in riƙa fitowa a Google, ana biya duk wata. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. In na rubuta sunan kasuwancina sai Instagram ɗina ya fito, Facebook ya fito, shafin da na kashe wa kuɗi kuwa ko ƙyallinsa babu. Duk sanda na yi magana amsa ɗaya ce: “Hajiya, ki ƙara haƙuri, Google sai a hankali.” Na san aikin yana cin lokaci, sai na ja bakina na yi shiru.

Ƙanena ne ya tona asirin, shi da ko kwabo ban ba shi ba. Ya rubuta site: a Google ya liƙa adireshin shafin don ya ga ko Google ya saka shi a jerinsa, ba sakamako ko ɗaya. Ya shiga WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, wajen saituna, ya nuna mini wani ɗan akwati da aka sa wa alama, wanda ke gaya wa injunan bincike kada su saka shafin a jerinsu. Masu gini kan kunna shi kafin aiki ya kammala, ranar buɗewa su kashe. Su ba su kashe ba. Wata huɗu! Dannawa ɗaya fa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rahoton da suke turo mini duk ƙarshen wata, da zane-zane masu launi, maziyarta na ta ƙaruwa. Ashe duk daga tallar Facebook da nake biya daban suke shigowa. Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa yake a bincike, kyauta ne, da sun leƙa shi sau ɗaya da sun ga Google ya ajiye shafukan a gefe saboda noindex, wato umarnin da ɗan akwatin nan ke bayarwa.

Amma kar in ci haƙƙinsu. Da na kira ba su yi musu ba, yarinyar da ke kula da aikina ta ba da haƙuri har na ji kunya, suka yafe mini kuɗin wata biyu. Tallar Facebook ɗin ma sun iya ta, ta kawo ciniki. Har na sauko, na ce taurari uku da rabi ba laifi.

Sai jiya na nemi bayanan shiga na adireshin shafin, na tarar da sunansu aka yi rajistarsa, ba nawa ba. Wato in muka raba gari gobe, sunan kasuwancina yana hannunsu. Sun ce za su mayar, wai dai canza sunan mai shi na iya jawo kulle na kwana 60 kafin in ɗauke shi zuwa wani wuri. To me ya hana a sa sunana tun ranar farko?

Biyu na ba su. Har yanzu imel ɗin canjin sunan nake jira.