Sharhina kan kwas ɗin zaman tare da sasanta rikici, ga masu tambaya ko akwai aiki a cikinsa

Tunda na karɓo sakamako mutane ke ta tambayata, wasu ta waya wasu a majalisa, wai wannan karatun na zaman lafiya da bambancin al'adu da na yi ana samun aiki da shi kuwa, ko dai satifiket ne na ajiyewa ƙarƙashin katifa. To bari in amsa gaba ɗaya in huta. Dipuloma ce ta bayan digiri, ta ƙarshen mako, Juma'a da yamma da wunin Asabar, ni kuma malamin sakandare ne a nan Gombe, da albashina na biya ba wanda ya ɗauki nauyina. Sunan jami'ar kam ba zan kama ba don akwai inda zan yi ƙorafi.

Abin da ya fi min amfani ba ma lakcocin ba ne, 'yan ajin ne. Kun san yadda Gombe take, ƙananan hukumomi 11 ne kacal amma ga Fulani ga Tangale ga Tera, Waja, Bolewa, Tula, Dadiya, Cham, Lunguda, Barebari, ga Hausawa, ga Yarbawa da Ibo da suka yi shekara da shekaru a cikinmu, wasu 'yan ajin kuma daga Bauchi suke tasowa, Jarawa da Sayawa, dama ai jiha ɗaya muke kafin a cire Gombe a 1996. A ajinmu akwai ɗan sibil difens, akwai fasto, akwai limamin wata unguwa, akwai nas daga Kaltungo, akwai ɗan wani ardo. Mutanen da kullum kuna haɗuwa a kasuwa ko a tasha amma ba ku taɓa zama kun yi maganar da ke cin kowa a rai ba.

Samistar farko dai ƙasashen waje muka yi ta zagayawa. Yadda Kanada ta mayar da zaman al'adu daban-daban manufar gwamnati a 1971 lokacin Pierre Trudeau, har ta zama doka a 1988, da yadda Faransa ta ɗau wata hanya dabam, ita kowa Bafaranshe ne kawai a idon hukuma, har ta hana sa alamomin addini irin su ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, da yadda Angela Merkel ta fito a 2010 ta ce tsarin zaman al'adu daban-daban ya gaza a Jamus. Ba laifi, sani ne. Amma fa matsalarsu ba irin tamu ba ce, su rigimarsu a kan baƙin da suka shigo jiya ko shekaranjiya ne, mu kuwa mutanen da kakanninsu duk a ƙasa ɗaya aka binne su ne ke jayayya kan wa ya riga wa zuwa da kuma wa zai yi sarauta. Watanni muka ɓata a can, sati biyu ya isa.

Sai a samista ta biyu wani Dakta ya zo ya sauko da mu gida, wallahi darasinsa kaɗai ya fanshe min kuɗin da na kashe. Ya sa muka buɗe kundin tsarin mulki na 1999 da hannunmu, sashe na 14(3) da ya ce muƙaman gwamnatin tarayya su nuna kowane ɓangare na ƙasa, da sashe na 147(3) da ya ce kowace jiha a ɗauko minista aƙalla ɗaya kuma ya zama ɗan asalin jihar, ga Hukumar Raba Daidai da aka yi wa doka a 1996, ga bautar ƙasa da Gowon ya kawo a 1973 bayan yaƙin basasa don yaran Kudu su ga Arewa na Arewa su ga Kudu. Daga nan sai ya ce kowa ya faɗi inda aka haife shi da kuma inda ya karɓo takardar indijin ɗinsa. Wata Madam da ke zama a gaba ta ce a cikin garin Gombe aka haife ta, mahaifinta ma haka, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanta, Fulatanci a bakinta ya fi nawa, amma in maganar sukolashif ce ko ɗaukar aiki sai ta tafi wata jiha da ba ta zuwa sai in an yi rasuwa. Wani ya ce, "To Madam, mu ma in mun je can ba za a ba mu ba ai." Aji ya kaure.

Shi Daktan yana da doka ɗaya, ba ka da ikon mayar da martani sai ka fara maimaita hujjar abokin gardamarka har ya ce e, haka nake nufi. Ku gwada wannan ko da a gida ne ku ji wahalarsa. Da wannan dokar muka tattauna rikicin Jos, da Tafawa Ɓalewa tun daga rikicin 1991, har da abin da ya faru a Billiri a 2021 kan naɗin Mai Tangale, wato sarkin Tangale, alhali a ajin akwai waɗanda abin ya taɓa gidajensu ta ɓangarorin biyu. An ɗaga murya, wata rana ma wani ya fita ya bar jakarsa, amma Asabar ta gaba ya dawo. Abin da na fahimta a nan shi ne yawancin rigingimun da muke saurin cewa na addini ne, in ka tona za ka tarar da gona, ko kujerar sarauta, ko hedikwatar ƙaramar hukuma a ƙasa, addinin daga baya yake shigowa ya ƙara wa wutar mai.

Furojek ɗina a kan ɓarnar gona na yi, a wani ƙauye ta wajen Yamaltu/Deba. Takardar tambayoyin da aka amince min da ita da Turanci take, akwai gurbin da za ka zaɓi ƙabilarka guda ɗaya. Wani dattijo da nake karanta masa ya ce, "Malam, ubana Batere ne, uwata Bafulatana, matata Babarbariya, 'ya'yana kuwa Hausa kawai suke ji, wanne kake so in ba ka?" Na ce Baba duk wanda ka ga dama. Ya ce in bar wajen haka nan. A ƙauyen na ga yadda jauro, wato mai unguwa, da ardo ke kashe magana, shanu sun shiga gonar dawa da dare, da safe aka tura dattawa suka zaga gonar da ƙafa, suka kimanta dami nawa aka ci, aka yi ta ja-in-ja ana ragewa ana ƙarawa, wani Babarbare yana ta tsokanar ardon da wasan nan nasu na Fulani da Barebari har mai gonar da ya zo a fusace ya yi dariya, kafin la'asar an biya an yi addu'a an watse. Da ofishin 'yan sanda aka kai, kuɗin zirga-zirga kaɗai ya fi dawar. Duk handawut ɗinmu babu shafi ɗaya a kan wannan, hatta aikin sasanta Musulmi da Kirista na Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, da duniya ta san da shi, a gurguje aka ambata aka wuce.

Ƙorafina kuwa ba boyayye ba ne. Lakcara ya ƙi zuwa ba sanarwa, mutum ya biya kuɗin mota tun daga Bauchi ko Kaltungo ya zo ya wuni a ƙarƙashin bishiya. Handawut wasu kwafin kwafi ne har rubutun ya dushe. Sufabaiza ya riƙe maka babi ɗaya wata da watanni, sakamako kuma sai ka bi shi da ƙafa. Kuɗin makarantar kansa da sauƙi, ƙananan kuɗaɗen gefe ne ke cin mutum. Wanda ya fi min ciwo dai shi ne har muka gama ba wanda ya koya mana rubuta rahoto ko takardar neman tallafi, alhali su ne abin da masu ɗaukar aikin ke tambaya.

To maganar aiki. Gaskiya ba na son in yaudari kowa, wannan karatun miya ce ba tuwo ba, sai kana da abin da za ka zuba ta a kai. A ajinmu waɗanda suka ci moriyarsa nan take masu aiki ne dama, ɗan sibil difens ɗin an mayar da shi ɓangaren sasanci a ofis ɗinsu, nas ɗin ta shiga aikin wayar da kai kan rigakafi inda sai ka san yadda ake shiga gidan mutane da yadda ake gaida mai gari. Ƙofofin akwai su: Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici ta tarayya da ke Abuja tun 2000, hukumomin zaman lafiya na jihohi irin na Filato da Kaduna, hukumar wayar da kan jama'a, hukumomin agajin gaggawa, hukumar raya Arewa maso Gabas, gidajen rediyo, koyarwa, sashen kula da ma'aikata a kamfanoni, sai kuma sasanci a wajen kotu wanda dokar sasanci ta 2023 ta ƙara wa ƙarfi. Amma na gwamnatin kun san yadda ake shigarsu.

Yawancin matasa NGO suke hange, saboda tun da rikicin Boko Haram ya cika yankin nan da 'yan gudun hijira ƙungiyoyin agaji suka yi ta ɗaukar mutane da albashi mai kauri. Wannan kasuwar ta yi sanyi fa, tun da Amurka ta dakatar da tallafin waje a farkon 2025 aka kuma rushe USAID, hukumarta ta ba da tallafin waje, na san waɗanda kwantiraginsu ya yanke ba shiri. Guraben da suka rage in ka duba tallan, ba sa cewa sai mai dipuloma kaza, cewa suke ka iya Excel, ka iya tattara bayanai da KoboToolbox a waya, ka iya rubuta rahoto da Turanci mai tsafta, kana jin Fulatanci ko Barbarci ko wani yaren wajen ban da Hausa. Wani yaro da ya yi sosholoji kawai amma yana da waɗannan ya riga biyu daga cikin 'yan ajinmu samun intabiyu.

In maki ne zan ba shi uku da rabi cikin biyar, rabin nan ma na Daktan ne. Mai aiki a hannu, ko malami, ko ɗan gidan sarauta, ko mai wa'azi, ya shiga ba zai yi nadama ba. Wanda yanzu ya gama sakandare yana son digirin farko a fannin, NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, tana da shi, mai neman mastas kuma Jami'ar Ibadan ta daɗe tana yi tun 2000, amma kafin ka biya ko sisi a ko'ina ka nemi ɗalibin da ke ciki ka tambaye shi ko ana fita fili da gaske, kuma wa ke koyar da ɓangaren Najeriya. Ni dai yanzu Excel ɗin nake koyo da daddare a shagon wani tsohon ɗalibina a Jekadafari, yaron da na sha kora daga aji kan surutu, yanzu shi ke ce min Malam ba nan za ka danna ba.