MyPlate: Jagorar Cin Abinci da Tom Vilsack Ya Bar wa Amurkawa

A ranar 2 ga Yunin 2011 ne ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙaddamar da MyPlate, jagorar cin abinci ta kyauta a intanet wadda ta maye gurbin tsohon zanen dala da jama'a suka daɗe suna kukan wuyar fahimtarsa. Michelle Obama ce ta ja hankalin 'yan jarida a wajen bikin, amma aikin na hannun sakataren noma ne, Tom Vilsack, don haka da wuya a yi wa wannan jagora adalci ba tare da an san mutumin ba.

An haifi Vilsack a Pittsburgh a 1950, aka ɗauke shi riƙo daga gidan marayu. Ya zama magajin garin Mount Pleasant da ke jihar Iowa a 1987 bayan an harbe wanda ya gada, sannan ya mulki jihar Iowa, cibiyar noman masara da kiwon alade, daga 1999 zuwa 2007. Ya riƙe ma'aikatar noma tsawon shekara takwas na mulkin Obama, kuma Biden ya dawo da shi daga 2021 zuwa 2025.

Ƙarfin MyPlate, kamar yadda ya bar ta, shi ne sauƙi. Faranti ɗaya ne aka raba gida huɗu: rabinsa kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, ɗaya rabin kuma hatsi da abinci mai gina jiki, tare da shawarar cewa rabin hatsin ya kasance wanda ba a surfe ba. Kafin gwamnati ta maye gurbin MyPlate a farkon 2026, mutum kan shigar da shekarunsa, da jinsinsa, da tsayinsa, da nauyinsa, da yawan motsa jikinsa, sai shafin ya lissafa masa abin da ya dace ya ci a yini. Ko ƙaramin yaro ya kalli zanen sau ɗaya zai riƙe shi, kuma wannan ba ƙaramar nasara ba ce ga aikin hukuma.

Inda nake da ja shi ne kofin madarar da aka ajiye a gefen farantin, tamkar abinci ba ya cika sai da ita, alhali kuwa mutane da dama, musamman 'yan asalin Afirka da Asiya, madara na ɓata musu ciki. Masana a Jami'ar Harvard sun fitar da nasu farantin a wannan shekarar ta 2011, inda suka sa ruwa a gurbin madara, suka kuma ware wa man girki mai kyau wurinsa. Ma'aikatar da ke ba mai ci shawara ita ce kuma ke nema wa manomi kasuwa, kuma shi kansa Vilsack ya shugabanci ƙungiyar masu fitar da kayan madarar Amurka zuwa ƙasashen waje tsakanin 2017 da 2021. Wannan ba hujjar zargi ba ce, amma ya isa ya sa mai karatu ya yi nasa lissafin.

Bahaushen da ke zaune a Amurka zai amfana da tsarin MyPlate wajen rage tuwo da ƙara ganye, sai dai ma'aunin duk na kofi ne da oza, yawancin bayanin kuma da Turanci da Sifaniyanci aka yi shi, sannan abinci irin dambu ko faten wake, wanda komai ke cakuɗe a tukunya ɗaya, sai mutum ya rarraba shi da kansa kafin ya shiga gidajen nan huɗu.