Shiga shafi ba kalmar sirri: a waya lafiya lau, a kafe sai ciwon kai

Tun da Google ya kawo passkey a 2023, wato hanyar shiga shafi da zanen yatsa ko lambar buɗe waya, na daina buga kalmar sirri, kuma gaskiya a waya abin ya burge ni. Mabuɗi biyu ake yi maka: ɗaya shafin ke riƙewa, na sirrin kuma yana wajenka, ba a tura wa shafin. Burauza ce ke duba adireshi kafin ta bari ka ɗora yatsa, don haka shafukan bogin da 'yan damfara ke turowa ba sa samun komai, ko da sun yi kama da na ainihi sak.

To, shiga kafen intanet a unguwar Nima ko Mamobi a Accra ka gwada. Kwamfutar ba taka ba ce, sai ta nuna lambar QR ka ɗauka da kyamarar waya. Da yawa suna zaton intanet kawai ake buƙata. Ina! Dole Bluetooth ya kasance a kunne a waya da kwamfutar duka, domin da shi ake tabbatar da cewa wayar tana kusa. Tsofaffin kwamfutocin tebur na hannu da suka cika kafe-kafenmu kuwa da yawa ba su da shi. Ko dai zaɓin waya ya ƙi fitowa, ko abin ya tsaya cak. Lokacin da ka biya yana tafiya, na bayanka suna jira su buga takardu, yaron kafe kuma ba abin da yake cewa sai "Malam, netwok ne." Ba ruwan netwok. Maganin ɗan ƙaramin Bluetooth ne mai shiga ramin USB, ana samu a kasuwar wayoyi ta Circle, amma wa zai riƙa yawo da shi a aljihu?

Nan ne raina ya fara ɓaci, har na tuna wata matsalar. Duk wanda ya san lambar buɗe wayarka, in wayar ta shiga hannunsa, ya mallaki mabuɗin, kuma a gidajenmu yara ma sun haddace ta. Idan mai gyara ya goge wayar Android, ko ka sayi sabuwa, sai ka tuna lambar kullen tsohuwar kafin mabuɗan su dawo.

Ina amfani da passkey har yanzu, amma a waya kaɗai. Kada ka yar da tsohuwar kalmar sirrinka, kuma kafin ka miƙa waya gyara ka yi mabuɗi na biyu a wata na'urar.