Gargaɗi ga masu farauta a Amurka: ku kiyayi shafukan harsashi mai araha

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda yake zaune a Amurka kuma yake fita farautar barewa, ko ya san wani namu da yake fita, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko dala ɗaya da sunan sayen harsashi a intanet. Akwai 'yan damfara da suka buɗe shafuka na bogi, kuma sun riga sun ci kuɗin wani ɗan uwanmu a nan Texas, mutum mai iyali, da gumin goshinsa ya tara kuɗin, shi ya sa na kasa yin shiru.

Abin da ya faru da shi ba wani dogon labari ba ne. Lokacin farauta ya matso, a Texas farkon Nuwamba ake buɗewa, ya zagaya kantuna bai samu harsashi samfurin .30-30 na bindigarsa ba, inda ya samu kuma kuɗin ya fi ƙarfinsa. Sai ya bincika a intanet, wani shafi ya fito masa, hotunan kwalayen Winchester da Federal a jere, komai akwai, farashi kusan rabin na kanti. Ya zuba oda. Da ya zo biya sai aka ce masa na'urar katinsu ta samu matsala, ya tura ta Zelle, manhajar tura kuɗi kai tsaye daga banki. Ya tura. Bayan kwana biyu wai kamfanin dako ya riƙe kaya, sai ya biya kuɗin inshora, za a maido masa in kaya ya iso. Ya sake turawa. Daga nan lamba ta daina shiga, shafin ma ya ɓace. Ya je bankinsa, suka ce ai shi da hannunsa ya tura.

Ku gane yadda suke samun kai, ba wauta ce take jefa mutum ba, matsi ne. Tun 2020 kasuwar harsashi ta rikice a ƙasar nan. Korona ta zo, zanga-zanga ta biyo baya, ga zaɓe, mutane suka yi ta rububin sayen bindiga har FBI ta yi binciken masu saye kusan sau miliyan 40 a shekarar kaɗai, kuma duk sabon mai bindiga harsashi zai nema. A shekarar ne kuma kamfanin bindigogi na Remington ya karye, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta durƙushe sai da Vista Outdoor ya saye ta. Kamfanoni suka mai da hankali kan 9mm da 5.56 da suka fi ciniki, mu masu .30-30 da .243 da .270 aka bar mu da kanta wayam. Sai kuma a Agustan 2021 gwamnatin Biden ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, irin su Tula da Barnaul, wanda da ma shi ne na talaka. Daga baya kaya sun ɗan wadata, amma da an ji ƙishin-ƙishin na yaƙi ko zaɓe sai rububi ya dawo, su kuma ɓarayin nan lokacin suke jira, sun san wanda ya zagaya kanti biyar bai samu ba zai yarda da duk wanda ya ce masa akwai.

To ga abin da nake so ku duba. Na farko dai biyan kuɗi, wallahi nan ne komai yake. Duk dillalin gaskiya yana karɓar katin banki. Da ka ga an ce sai Zelle ko Cash App ko Bitcoin ko ka sayo katin kyauta ka turo lambarsa, ka rufe shafin kawai, ba sai ka yi dogon tunani ba. Su kansu masu Zelle suna faɗa cewa don tura wa wanda ka sani aka yi shi, ba su da kariyar ciniki, in ya tafi ya tafi. Katin bashi kuwa in kaya bai zo ba kana iya kai ƙorafi banki su janyo maka kuɗinka, shi ya sa ɓarayin ba sa son sa, kullum na'urarsu a lalace take.

Sai maganar komai akwai. A lokacin da manyan kantuna irin Academy da Bass Pro da Cabela's suke ƙayyade wa mutum kwali nawa zai ɗauka, ta yaya wani shafi da ba wanda ya taɓa jin sunansa zai ce yana da kowane iri, ko nawa kake so, kuma a rabin kuɗi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawansu ma za ka ga sun sa ƙa'idar sai ka sayi na ɗaruruwan daloli kafin su karɓi oda, don su yi maka yanka ɗaya mai kyau.

Ka ɗauki adireshin da suka rubuta ka sa a Google Maps, sau tari fili za ka gani ko gidan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ka duba shekarun shafin a WHOIS, wato inda ake ganin ranar da aka yi wa shafi rajista, in watanni biyu ke nan da buɗe shi amma yana cewa ya shekara ashirin yana kasuwanci, ka samu amsa. Wasu kuma sunan kamfanin gaskiya suke ara su ƙara harafi ɗaya ko su canza ƙarshen adireshin, sai ka lura sosai. In mai sayarwa ya ce ta gidan waya zai aiko maka, ƙarya yake, doka ta hana aika harsashi ta USPS, ta mota ake kawo shi da UPS ko FedEx. Haka wanda zai biyo ka ta Facebook ko WhatsApp ko Telegram yana cewa yana da saura zai karyar maka, Facebook ma tun 2016 ya hana irin wannan cinikin tsakanin mutane, to me ya kawo shi lungu?

Akwai wanda ya fi asarar kuɗi muni, wato wanda kayan zai zo ɗin amma cikin leda, ba kwali ba lamba, wani ne ya ɗura a garejinsa. Ba ka san adadin albarushin da ya zuba ba, in ya yi yawa bindigar a fuskarka za ta fashe. Don Allah kar ka sa ido da yatsunka a caca saboda rarar dala goma.

Hanyar samun sauƙi ta halal ba ta da wani sirri. Ka saya tun bazara kafin kowa ya tuna da farauta, ka tambayi kantin unguwarku ranar da ake sauke musu kaya ka yi sammako, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi katan a wurin sanannen dillali. Mai farautar barewa ma ai kwali biyu ya ishe shi shekara.

Kuma ku kula da doka, musamman ɗalibai da masu bizar ziyara, dokar tarayya ta hana ku riƙe bindiga ko harsashi sai in kuna da lasisin farauta mai aiki. A California da New York sai an bincika ka kafin a sayar maka, duk shafin da ya ce zai kawo maka har ƙofa ba tambaya a waɗannan jihohin, ko ɓarawo ne ko zai jefa ka cikin shari'a. Wanda kuma 'yan gida suke matsa wa ya sako musu harsashi a cikin mota ko durom zuwa Najeriya saboda matsalar tsaro, na san zafin abin, amma laifi ne babba a can da nan, kuma ana ɗaure mutane a kai.

In har an riga an cuce ka, kar kunya ta sa ka ɓoye. Ka kira bankinka yau ɗin nan, ka adana rasit da hotunan duk saƙonnin da kuka yi, ka kai ƙara shafin IC3 na FBI da na FTC, hukumar kare masu saye. Sannan ka turo sunan shafin a guruf ɗinmu don sauran 'yan uwa su san shi, kuma in wani ya kira ka ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya shi wani abu, su ne dai suka sake dawowa, kar ka ba shi ko sisi.